Kango, Fatalwa Da Fargabar Ƙuruciya: Abin Da Masu Fasaha Ke Tonowa Daga Cikin Gida

Hausawa kan ce tsoro na daji, kunya na gida. A bisa wannan karin magana, gida shi ne mafaka, nan ake rufe ƙofa a bar kura da dodo da duhun dare a waje. Sai dai duk wanda ya tuna ƙuruciyarsa da kyau ya san lissafin bai cika ba. Akwai lungun da yaro ba ya yarda a aike shi bayan magariba. Akwai ɗakin da aka kulle tun rasuwar mai shi. Akwai rigar da aka rataye a ƙusa, wadda da rana riga ce, da dare kuwa ta koma mutum a tsaye. A kusan kowace unguwa kuma akwai kangon da yara ke ƙara sauri idan sun zo wucewa ta gabansa.

Manya sukan yi dariyar irin wannan fargaba, su ce za ta wuce da shekaru. Amma akwai masu zane da masu sassaƙa da dama, a ƙasashe da zamunna daban-daban, waɗanda ba su bar ta ta wuce ba. Sun riƙe ta, sun mayar da ita jarin aikinsu, har wasu daga cikin abubuwan da suka ƙirƙira suka shiga jerin fitattun ayyukan fasaha na duniya. Idan aka bi tarihin waɗannan ayyuka ɗaya bayan ɗaya, abu guda ne ke ta maimaituwa: fatalwar da ke cikinsu 'yar gida ce. Daga ɗakin jinya take fitowa, ko daga sirrin da manya suka ɓoye, ko daga zaluncin da aka yi wa wani a tsakar gida aka yi shiru.

Kalmar da ta haɗa gida da tsoro

A shekarar 1919, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Ostiriya, Sigmund Freud, ya wallafa wata maƙala kan wani nau'in tsoro da ya bambanta da tsoron zaki ko na gobara. Shi ne tsoron da ke sa tsigar jiki ta tashi alhali babu wani haɗari a fili, kamar idan mutum ya ga 'yar tsana ta yi kamar tana bin sa da ido, ko ya ji takun sawu a gidan da ya tabbata shi kaɗai ne a ciki. Kalmar Jamusanci da ya yi amfani da ita, unheimlich, tushenta Heim ne, wato gida. Ya kuma lura cewa kishiyarta, heimlich, tana ɗauke da ma'ana biyu: abin da aka saba da shi na cikin gida, da kuma abin da aka ɓoye.

Daga nan ya kafa hujjarsa cewa abin da ke tayar da irin wannan tsoro tsohon sani ne wanda zuciya ta binne, sannan ya dawo da wata kama. Masanan da suka biyo baya sun yi jayayya da ra'ayoyin Freud da yawa, amma wannan lura tasa ta zama mabuɗin da masu nazarin fasaha ke amfani da shi har yau. Da ita za a iya bin ayyukan da ke tafe, tun daga wajen gida har ƙuryar ɗaki.

Inda aka samo kamannin gidan fatalwa

Duk wanda ya saba kallon finafinan ban tsoro na Amurka ya san siffar gidan fatalwa: dogon bene shi kaɗai a kan tudu, mai hasumiya da rufi mai gangara da tagogi masu duhu. Wannan siffa tana da tarihi. Irin waɗannan gidaje su ne abin yayi a wurin attajiran Amurka tsakanin shekarun 1860 da 1880, kuma daga Faransa aka kwaikwayo salon. Zuwa shekarun 1920 yayinsu ya wuce. Masu hali sun koma sabbin unguwanni, wasu gidajen an yanyanka su an zuba 'yan haya, wasu kuwa sun zama kango. Yaran da suka taso a lokacin, da haka suka san su: tsofaffin gidaje masu duhu da ba a san wanda ke ciki ba.

A 1925, mai zane Edward Hopper, wanda aka haifa a 1882 a garin Nyack na jihar New York, ya zana irin wannan gida a wani aiki da ya kira "Gida a Gefen Layin Dogo". Babu fatalwa a zanen, ba kuma dare ba ne. Hasken rana ya bugi gefe ɗaya na ginin, ɗaya gefen yana cikin inuwa. Babu mutum, babu bishiya, babu maƙwabta. Layin dogo ya ratsa ƙasan zanen daga wannan gefe zuwa wancan, ya tare mai kallo, ta yadda ba a ganin hanyar da za ta kai mutum bakin ƙofa. Jirgin ƙasa alama ce ta zamanin da ke gudu, gidan kuwa an wuce an bar shi. A 1930 zanen ya shiga taskar gidan adana fasahar zamani na birnin New York, wato MoMA, yana cikin ayyukan farko da gidan ya mallaka.

An san Hopper da rashin son yi wa zanensa fassara, kuma an ruwaito cewa burinsa kawai shi ne ya zana yadda hasken rana ke sauka a jikin bango. Ke nan masu kallo ne suka zo da fatalwar daga zukatansu. Daga 1938, mai zanen barkwanci Charles Addams ya fara fitar da zane-zanensa na wani iyali mai ban tsoro a mujallar The New Yorker, ya kuma zaunar da su a gida mai irin wannan fasali. A 1960 Alfred Hitchcock ya fitar da fim ɗin Psycho, wanda galibin masu nazari ke danganta gidan da ke cikinsa da zanen Hopper. Abin lura shi ne, a wannan fim ma babu aljani ko ɗaya. Abin tsoron yana tsakanin ɗa da mahaifiyarsa ne, wadda ya ajiye gawarta a cikin gidan.

A 2016 'yar Birtaniya Cornelia Parker ta sake gina wannan gida, mai tsayin kusan ƙafa 30, a kan rufin gidan adana kayan fasaha na Metropolitan da ke New York. Da katakon wani tsohon jan rumbu na gona ta gina shi, irin rumbun da Amurkawa ke ɗauka a matsayin alamar zaman lafiyar karkara. Wanda ya zagaya bayansa sai ya tarar bango biyu ne kawai aka tokare da ƙarafa.

Fatalwa a cikin kayan ɗaki

Hopper ya tsaya a waje ne. Kusan shekara ɗari kafin shi, wani mai zane a Japan ya riga ya shiga cikin gida. A zamanin Edo, Japanawa suna da wata al'adar hira da dare, musamman a lokacin zafi. Akan kunna fitilu ɗari, kowa ya ba da labarin fatalwa sai a kashe ɗaya, ɗaki yana ƙara duhu da kowane labari. An yi imani cewa idan ta ƙarshe ta mutu wani abu zai bayyana, shi ya sa masu hirar kan tsaya a labari na 99.

Katsushika Hokusai, wanda ya rayu daga 1760 zuwa 1849, kuma duniya ta fi saninsa da zanen babbar igiyar ruwa, ya ɗauki sunan wannan al'ada, "Labarai Ɗari", ya raɗa wa wani jerin zanensa a wajajen 1831. Zane ne irin wanda ake sassaƙawa a jikin katako, a shafa launi, a buga a takarda, don haka talaka ma yana iya saye. Guda biyar ne aka sani daga jerin a yau, kuma uku daga cikinsu sun isa misali.

Na farko Okiku ce, 'yar aiki a gidan wani mai mulki. A mafi shaharar ruwayoyin labarin, an ɗora mata laifin salwantar ɗaya daga cikin faranti goma masu daraja, aka kashe ta aka jefa a rijiyar gidan. Tun daga nan kullum dare ake jin muryarta tana ƙirga farantan, ta kai tara ta fashe da kuka. Hokusai ya zana kanta yana fitowa daga rijiya, dogon wuyanta kuwa jerin faranti ne. Na biyu Oiwa ce, daga wani wasan kwaikwayo da aka fara nunawa a 1825: matar aure da aka ba gubar da ta ɓata mata fuska domin mijinta ya rabu da ita ya auri wata daga gidan masu kuɗi. A zanen, fuskarta ce ke bayyana a jikin fitilar takarda da ta fara ƙonewa. Na uku Koheiji ne, ɗan wasan da kwarton matarsa ya kashe, wanda Hokusai ya zana ƙwarangwal ɗinsa yana janye gidan sauro da yatsu yana leƙo masu barci.

Faranti, fitila, gidan sauro: kayan da hannu ke taɓawa kowace rana. Waɗanda suka koma fatalwa kuma duk mutanen gida ne da aka zalunta ba su samu mai bi musu haƙƙi ba. Labarin fatalwa ya zama kotun da aka shigar da ƙararsu, zanen kuma ya sa laifin ya kasa ɓuya, domin duk inda mai laifi ya juya a ɗakinsa shaida ce ke kallonsa.

Ɗakin jinya a Norway

Ba kowane tsoron gida ne ke da mai laifi ba. Wani lokaci cuta ce. An haifi Edvard Munch a ƙasar Norway a watan Disamba na 1863, ya kuma tashi a birnin Kristiania, wanda a yau ake kira Oslo. Mahaifinsa likitan soja ne mai ƙaramin albashi. Yana da shekara biyar tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa a 1868. A 1877 cutar ta sake ɗauke yayarsa Sophie tana da shekara 15. Shi ma yaro ne mai yawan laulayi, wanda kan shafe lokacin sanyi a kwance ba ya zuwa makaranta, zane ne abin da ke ɗebe masa kewa. Da dare mahaifin, mutum mai tsananin riƙo da addini, yakan karanta wa yaran labaran fatalwa da na marubucin Amurka Edgar Allan Poe. Labarin mutuwa a littafi da mutuwa ta zahiri a ɗakin da ke kusa suka haɗu a zuciyar yaro ɗaya.

Tsakanin 1885 da 1886 Munch ya zana "Yarinya Mara Lafiya": wata yarinya mai jan gashi jingine da farin matashi, wata mata kusa da ita ta sunkuyar da kai. Ya yi ta shafa fenti yana kankarewa har fuskar zanen ta cika da karce, kamar abin da ake hange ta cikin hawaye. Da aka nuna shi a Kristiania a 1886 masu sharhi da dama sun yi masa ca, suna ganin aiki ne da ba a kammala ba. Bai daddara ba. Ya sake zana wannan yanayi da fenti har sau shida a tsawon kimanin shekara 40. Kujerar da Sophie ta yi jinya a kanta ma ya adana ta har ƙarshen rayuwarsa a 1944.

A wani zanen nasa na ƙarshen shekarun 1890, gawar uwa tana kwance a gado, wata ƙaramar yarinya ta juya mata baya tana fuskantar mai kallo, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu. Wannan toshe kunne shi ne kuma ake gani a zanensa mafi shahara na 1893, wanda aka fi sani da "Ihu", wanda aka sayar da wani kwafinsa na hannun Munch a kan kusan dala miliyan 120 a 2012. Jama'a da yawa suna ɗaukar wannan fuska a matsayin hoton damuwar ɗan Adam na zamani. Wanda ya san tarihin gidan su Munch kuwa zai iya ganin yaron da ke ƙoƙarin kada ya ji tarin da ke fitowa daga ɗakin jinya.

Ɗan wabi da dajin fatalwa

Mutuwar yara a jere abu ne da al'ummomin Nijeriya suka daɗe da sani, har kowace ta ba shi suna. Yarabawa suna cewa abiku, Ibo suna cewa ogbanje, Hausawa kuma suna cewa wabi, har akan raɗa wa ɗan wabi suna irin su Ajuji ko Ayashe da fatan mutuwa za ta raina shi ta ƙyale shi. A fahimtar gargajiyar Yarabawa, yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa, domin yana da abokai a duniyar ɓoye da ke kiransa. Wasu masu bincike a fannin lafiya sun danganta yawancin irin wannan mace-mace da cututtuka irin su sikila. Ko da wace fassara aka ɗauka, yaron da ya rayu a irin wannan gida yana tasowa ne cikin idon tsoro, kowane zazzaɓinsa tashin hankali ne ga mahaifiyarsa.

Daga irin wannan gida fitaccen mai zanen Nijeriya Twins Seven-Seven ya fito. An haife shi a 1944 a garin Ogidi da ke Jihar Kogi ta yanzu. Sunan da ya zaɓa wa kansa tarihin gidansu ne: bisa bayaninsa, mahaifiyarsa ta haifi tagwaye sau bakwai, shi kaɗai ya rayu. Da rawa da kiɗa ya fara, kafin a 1964 ya shiga wani horon zane da Georgina Beier ta gudanar a cibiyar Mbari Mbayo ta garin Osogbo. Nan da nan salonsa ya fita daban. Yakan cika takarda ko katako da halittu masu manyan idanu, wasu da kai fiye da ɗaya, jikinsu lulluɓe da ƙananan zane kamar ɓawon kifi, ba ya barin ko ɗan fili. A 2005 hukumar UNESCO ta naɗa shi mai fasaha jakadan zaman lafiya, ya kuma rasu a Ibadan a 2011.

Masana sun sha danganta duniyar zanensa da ta marubuci Amos Tutuola, ɗan Abeokuta, musamman littafinsa na 1954, My Life in the Bush of Ghosts, wato rayuwa a dajin fatalwa. A wannan littafi yaro ɗan shekara bakwai ne ya faɗa dajin, ya shafe shekara 24 a cikinsa. A nan sai a ce ai ga tsoro a daji, kamar yadda karin maganar ta faɗa. Amma mafarin labarin a gida yake. Yaƙi ne ya faɗo wa garinsu mahaifiyarsa ba ta nan, kishiyoyinta suka kwashe nasu 'ya'yan suka gudu, suka bar shi da yayansa ba tare da sun sanar da su ba. Kishi ne ya buɗe masa ƙofar dajin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sirrin da yara suka sani

Wani tsoron kuma daga abin da kowa ya sani a gida amma ba a faɗa yake tasowa. An haifi Louise Bourgeois a birnin Paris a 1911. Sana'ar iyayenta gyaran tsofaffin saƙaƙƙun dardumai ne na ado da ake ratayawa a bango, kuma tun tana yarinya take taya su zana sassan da suka zagwanye, musamman ƙafafun mutanen da ke jikin saƙar. Mahaifinta ya ɗauko wata Baturiyar Ingila ta zauna a gidan tana koya wa yara Turanci, ashe farkarsa ce, aka kuma ci gaba da zama haka na kimanin shekara goma, uwar gida tana gani tana kawar da kai. Mahaifiyar ta rasu a 1932, Bourgeois kuma ta koma New York a 1938.

A tsakanin 1946 da 1947 ta yi wasu zane-zane na mata waɗanda gida ya maye gurbin kawunansu, ba su gani, ba a kuma ganin fuskarsu. Sai a 1982, tana da shekara 70, lokacin da MoMA ta shirya babban bajekolin ayyukanta, ta fito fili ta ba da labarin malamar. Bayan haka ta shiga gina wasu ƙananan ɗakuna da tsofaffin ƙofofi da wayar keji, waɗanda suka kai kimanin 60, tana zuba musu gado da madubi da tsofaffin tufafi. Mai kallo ba ya shiga, sai dai ya leƙa ta tsaga, kamar yaron da ke leƙen ɗakin manya. A ɗaya daga cikinsu, wanda ta yi tsakanin 1990 da 1993, ta sassaƙa gidansu na garin Choisy-le-Roi da dutsen marmara, ta rataya a samansa wuƙar injin fille kai irin wanda Faransawa suka yi amfani da shi.

Aikinta mafi shahara shi ne Maman, wato Mama, na 1999: gizo-gizon ƙarfe mai tsayin sama da mita tara, ɗauke da ƙwayaye na marmara a cikinsa. Wanda ya tsaya a ƙarƙashinsa yakan ji ya koma ƙaramin yaro. Ita kuwa ta bayyana cewa yabo ne ga mahaifiyarta, masaƙiya mai haƙuri da ke gyara abin da ya yage. Halitta ɗaya ta ɗauki tsoro da kariya a lokaci guda, kamar yadda gida kansa ke yi wa yaro. Bourgeois ta ci gaba da aiki har rasuwarta a 2010 tana da shekara 98.

Gidan da aka juya ciki waje

Mataki na ƙarshe shi ne abin da ke saura bayan mutanen gida sun watse. Rachel Whiteread, wadda aka haifa a Ingila a 1963, ta shahara da wata dabara: maimakon ta sassaƙa abu, sai ta cika sararin da ke cikinsa da filasta ko kankare, sannan ta cire abin, sararin ya rage a daskare. A 1988 ta yi haka da cikin kabad ɗin tufafi, ta lulluɓe shi da baƙin ƙyalle, tana tuna yadda take shiga kabad ta zauna cikin duhu tana yarinya. A 1990 ta ɗauki ɗaki sukutum a wani gida da ke titin Archway a arewacin Landan, mai kama da gidan da ta tashi a ciki, ta fitar da siffar sararinsa. Ta kira aikin Ghost, wato Fatalwa. Ana ganin shatin ƙofa da taga da murhun ɗumama ɗaki, har da baƙin hayaƙinsa, amma komai a juye yake, kuma babu hanyar shiga. Yanzu yana babban gidan adana fasaha na ƙasa da ke Washington.

A 1993 ta ɗauki gida guda cur, mai lamba 193 a titin Grove da ke gabashin Landan, na ƙarshe a jerin gidajen ma'aikata da hukuma ke rushewa don faɗaɗa filin shaƙatawa. An fesa kankare a bangwayen ciki, sannan aka ɓamɓare tubalin waje. Abin da ya rage shi ne gida mai launin toka, tagoginsa sun ɓullo waje a toshe. An kammala shi a ranar 25 ga Oktoba, 1993, dubban mutane suka yi ta zuwa kallo, muhawara ta kaure. Wasu na ganin abin tunawa ne da talakawan da suka rayu a unguwar, wasu na ganin tulin kankare ne mara kyan gani. A ranar 23 ga Nuwamba aka ba Whiteread kyautar Turner, ita ce mace ta farko da ta samu, kuma a wannan rana ce kwamitin ƙaramar hukumar yankin ya yanke shawarar a rushe aikin. An rushe shi a ranar 11 ga Janairu, 1994. A yau ciyawa ce a wurin, sai hotuna.

Abin da ayyukan ke nunawa

Babu ɗaya daga cikin waɗannan masu fasaha da ya yi aikinsa don tabbatar da cewa matattu suna dawowa. Fatalwa a hannunsu harshe ne na faɗin abin da ya yi wa baki nauyi. Hokusai ya faɗi zaluncin da ake yi wa 'yar aiki da matar aure. Munch da Twins Seven-Seven sun faɗi yadda yaro ke ji idan mutuwa ta saba da gidansu. Bourgeois ta faɗi abin da shirun manya ke yi wa yara. Hopper da Whiteread sun faɗi halin gidan da zamani ya juya wa baya.

Akwai darasi a nan ga iyaye da malamai. Yaro ba ya da kalmomin da zai bayyana cewa ya lura da rashin jituwar iyayensa, ko yana tsoron ciwon da ya ɗauke ƙaninsa zai dawo kansa, ko wani a gidan yana cutar da shi. Abin da yake da shi su ne dodo da inuwa da ɗakin da ba ya son shiga. Idan aka yi masa tsawa ko dariya, tsoron ba ya gushewa, ɓuya yake yi. Munch ya shafe shekara 40 yana komawa ɗaki guda, Bourgeois kuma sai da ta kai 70 kafin ta furta abin da ta gani tana yarinya. Su sun dace da samun fenti da dutse da za su sauke nauyin a kansu, yawancin yara kuwa ba su da wannan. Saboda haka idan yaro ya ce akwai wani abu a bayan ƙofa, bayan an haska masa fitila an nuna masa babu komai, yana da kyau a zauna a tambaye shi kamannin abin, da ranar da ya fara ganinsa, da abin da ya faru a gidan a wannan rana.